Jifa Daga Layin Nesa

Litinin, 3 ga Maris, da safe

Sun gama rufin sabon zauren ƙwallon kwando. Tun da guguwa ta yi awon gaba da tsohon, 'yan wasan garinmu San Anselmo ke raɓe a filin makaranta kamar marayu. Magajin gari ya ce ranar buɗewa za a rataya tuta a tsakiyar rufi, ta cikar shekara hamsin da shigowar kofi garin nan. Tuta ɗaya, don ƙugiya ɗaya magina suka bari. Ni aka ba shugabancin kwamitin tsofaffin 'yan wasa, kuma an yi daidai, don ban ga wanda za a ba ba in ba ni ba.

Matsalar, in ma matsala ce, kofi biyu suka shigo a waccan shekara. Mu 'yan ƙungiyar Maƙera muka ci na Tsohuwar Gasa, wadda kakanninmu suka kafa, har yau ana buga ta. Jemagu kuma suka ci na Sabuwar Gasa, wata hayaniya da masu otal suka ƙirƙiro, ta yi shekara huɗu ta mutu ba wanda ya yi mata kuka. Ba mu taɓa karawa da su ba, dokar gasarmu ta hana. Shi ya sa mutanen garin nan ba su da aiki sai tambayar wa zai ci wa da an haɗu. Ni na san amsar.

Ni ne dogon da ke tsaye ƙarƙashin kwandon Maƙera. Ƙanena Fermín shi ne mai jifan Jemagu. Tare muka fara a Maƙera, ya tsallake ya bar mu a tsakiyar kakar wasa.

Laraba, 5 ga Maris, da hantsi

Mun fito daga coci, ranar shiga azumin Kirista, kowa da toka a goshi kamar mutumin kirki, muka zarce gidan burodin Toñín shan gahawa. Toñín ma Jemage ne a zamaninsa, gajere mai ɗan karen gudu, yanzu tumbi ya hana shi ganin takalminsa. Ko zama ban gama yi ba aka tayar da zancen.

Ya ce su kowane wasa sai sun haura maki ɗari, mu kuwa da matashin kai ake zuwa kallonmu. Na ce ko jikata za ta ci ɗari a gasar da ba wanda ya san tsaro, kowa ya tsaya yana kallon abokin karawarsa kamar mai jiran mota. Ya ce duk matasan da suka fi iya wasa a tsibirin nan wurinsu suka koma. Na ce waɗanda suka fi son ganin hotonsu a jarida dai. Na lissafa masa kayan wasan yaransu: ƙwallo mai fentin kore da fari kamar kankana, masu busa ƙaho a gefen fili, sai wani layi da suka zana can nesa, wai wanda ya jefa daga bayansa ya ci maki uku. Mu kwando maki biyu ne, kuma sai ka kutsa cikin ƙarti ka sha gwiwar hannu a haƙarƙari kafin ka same shi.

"To ai yanzu duk duniya da layin namu ake wasa, Don Eladio," in ji shi, har da laƙabin Don da ake girmama dattawa da shi. "Har sabon zauren naka an zana shi."

"Duk duniya kuma abincin gwangwani take ci, Toñín. Ƙaro mini madara."

Aka kwashe da dariya. Sai wani ya tambayi jikin Fermín. Na ce burodin yau bai gasu ba.

Juma'a, 7 ga Maris, da rana

'Yata Yadira ta kawo mini busasshen kifi da dafaffen rogo. Ta ce an sallamo Baffanta Fermín daga asibitin babban birni. Na ce madalla, ya warke ke nan. Ta ce, "Ba irin wannan sallamar ba ce, Baba." Ta tsaya tana jira in tambaya. Kifin ya yi gishiri, ba ta jiƙa shi sosai ba, na gaya mata.

Gidansa bayan coci ne, ba nisa. Ban je ba.

Lahadi, 9 ga Maris, da yamma

An yi ruwa. Ban je ba.

Talata, 11 ga Maris, da yamma

Nereida matar Fermín ta zo. Na nuna mata kujera, ta ce a tsaye ma ya ishe ta. Ta tsufa a 'yan watannin nan, ta daina rina gashi.

Ta ce ɗan 'yar uwarta mai walda ne, a yini ɗaya zai kafa ƙugiya ta biyu, ba wanda zai rasa komai. Na ce wannan maganar kwamiti ce. Ta ce kwamitin ni ne da kurame biyu masu ɗaga hannu in na ɗaga. Wannan gaskiya ne, amma ba a bakinta ya kamata in ji ba. Ta faɗi abin da likita ya ce game da bikin Ista mai zuwa, wato ko Fermín zai gan shi ko ba zai gan shi ba. Likitoci suna faɗin abubuwa da yawa.

"Yaya Eladio, shi bai aiko ni ba, in ya ji na zo sai ya ci mutuncina. Abu ɗaya nake so, ya ɗaga kai ya ga koren ƙyallen nan na Jemagu a sama sau ɗaya. Gasarsu ta mutu, takardunta sun ɓace, yaran yanzu ba su ma san an yi ta ba."

Na ce, "Tuta ba magani ba ce, Nereida. Da tana warkarwa da a asibiti ake rataya ta."

Ta fita ba ta ja ƙofa ba. Maganar ta yi mini daɗi, har na maimaita ta ni kaɗai a kicin ina wanke kofi. Daga baya kuma abincin dare ya ƙi shiga.

Alhamis, 13 ga Maris, bayan shirin rana

Wilfredo mai shirin wasanni ya gayyace ni gidan rediyo. Mutum ne da zai haɗa uwa da ɗanta faɗa in dai za a saurare shi. Ya ce tun da ba a taɓa buga wasan ba, me zai hana a buga shi ranar buɗe zauren? Ba guje-guje, tsofaffi uku daga kowane ɓangare, kowa jifa biyar. Wanda ya ci, tutarsa ta hau.

Na ce na yarda, amma da sharaɗi. Kowa ya jefa daga inda yake cika baki da shi. Mu Maƙera daga layin kusa, inda ake jifa in an yi wa ɗan wasa laifi, kowace ƙwallo maki ɗaya. Jemagu daga bayan layinsu na nesa, kowace ƙwallo maki uku. Wanda ƙafarsa ta taɓa layi, jifansa ya tashi a banza. Wilfredo ya ce ai na ba su garaɓasa, uku a kan ɗaya. Na ce ni haka nake, hannuna a sake. Na san abin da shekara saba'in ke yi wa kafaɗa. Layin nan ko mai lafiya a cikinsu da ƙyar zai kai ƙwallo bakin kwando.

Sai aka ce ga mai kira. Muryar ta yi siriri, na ɗauka wata tsohuwa ce.

"Yaya, ka sa sunana. Ni ne na ƙarshe."

Wilfredo ya rikice, ya shiga "Don Fermín, Don Fermín, lafiyarka fa." Fermín ya ce lafiyarsa ba ta shafi masu sauraro ba. Ya ce in zo da tabarau, don ni ban taɓa ganin kwando daga nesa ba sai a talabijin. Ya kashe wayar.

To. Duk gari ya ji shi ya nema da bakinsa.

Asabar, 15 ga Maris, da safe

Na je filin makaranta da ƙwallo. Hannun yana nan. Gwiwa ce ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa, amma daga layin kusa ina jefawa tana shiga fiye da rabi.

Yadira ta same ni a can. Ta ce mutumin da nake shirin karawa da shi sai an riƙe masa kofin shayi. Na ce shi ya kira, ba ni na kira ba. Ta ce ni na zana masa inda zai tsaya. Na ce tun kafin a haife ta ya zana wa kansa. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da uwarta ke yi wa kifin da ya kwana a kasuwa. Ta ce daga yau in nemi mai kawo mini abinci.

Na dafa ƙwai. Na iya dafa ƙwai.

Litinin, 17 ga Maris, da yamma

Na je.

Fermín yana baranda a kujera mai lilo, an lulluɓe shi da bargo cikin wannan zafi, tsohuwar ƙwallon tasu mai kama da kankana a cinyarsa. Na tsorata. Zan rubuta sau ɗaya in wuce: na tsorata. Wuyansa ya koma kamar na kaza, agogonsa ya zame har gwiwar hannu, fuskar kuwa ta mahaifinmu ce a makonsa na ƙarshe. Na je da wata magana a bakina, na shirya ta tun daga gida.

Abin da ya fito shi ne, "Ka rame. Da haka kake lokacin wasa da wataƙila ka iya komawa tsaro."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Nereida ta leƙo ta koma, ko ruwa ba ta ba ni ba. Da ya samu numfashi sai ya shiga tsara mini yadda wasan zai kasance da an haɗu, kamar yadda yake yi kowace Kirsimeti. Wai zai tsaya can waje yana jefawa, dole in fito daga ƙarƙashin kwando ina jan jiki kamar kunkuru, Toñín ya wuce ta bayana. Na ce a minti biyar na farko zan haɗa shi da ƙasa, sauran wasan a benci zai kalla yana riƙe da ƙanƙara. Ya ce mun ci kofinmu ne don ƙwararrun sun riga sun tafi, mun doke tsofaffi da yara. Na ce su kuma sun doke masu jiran teburin otal. Muka yi ta yi. Kumatunsa har sun ɗan yi ja. Na kusa faɗin maganar da na zo da ita.

Sai ya juya ƙwallon a cinyarsa ya ce, "Ka bar wahalar da kanka, Yaya. Baba ya san wasan da ya cancanci kallo."

Na ɗauki hulata. Na dawo da maganar gida yadda na tafi da ita.

Laraba, 19 ga Maris, da rana

Rana ɗaya aka buga wasannin ƙarshe biyun, wata Lahadi, namu a babban birni, nasu a wani gari na bakin teku. Hutun yini ɗaya aka ba mahaifinmu a injin rake. Ni na aika masa tikiti, layin gaba, na kuma saya masa riga. Da na ɗaga kofi na duba kujerar, wata mata ce a kai tana cin gyaɗa. Ya sa rigar kuwa. Akwai hotonsa da ita, ya rungume Fermín.

Bai taɓa ba ni dalili ba, ban taɓa tambaya ba. Fermín ya san wannan ne kaɗai wurin da ba a taɓa mini, kuma a shekara hamsin bai taɓa ba sai shekaranjiya. Wanda ake cewa ba ya iya ɗaga kofin shayi ke nan. Na tsane shi. Ban yi barcin rana ba, na koma filin makaranta.

Asabar, 22 ga Maris, da yamma

Mun ci.

Zauren ya cika har ƙofa. An gasa alade a waje, masu busa ƙaho sun zo, ban san wa ya gayyace su ba. An ɗinka tutoci biyu, baƙa da ja tamu, kore da fari tasu, an ajiye su a ninke a kan tebur gaban magajin gari. An ɗauko alƙalin wasa na gaske da usur.

Mu muka fara. Abokaina biyu, kuramen kwamiti, suka haɗa maki biyu a tsakaninsu, ɗaya ma sai da aka juya shi ya fuskanci kwando. Ni na jefa uku suka shiga. Biyar ke nan. Jemage na farko ko allo bai taɓa ba. Toñín ya yi ta nishi yana wurgi kamar mai jifan mangwaro, ta huɗunsa ta daki allo ta faɗa ciki, tsautsayi tsagwaronsa. Uku. Muna gaba da maki biyu, saura mutum ɗaya.

Nereida ta turo shi a keken guragu har bakin layi. Ya sa tsohuwar rigarsa, tana lilo a jikinsa kamar an rataya ta a ƙusa. Mutane suka miƙe tsaye suna tafi. Ni ba a miƙe mini ba. Ya dafa kafaɗar Toñín ya tashi, ya ture hannun, ya tsaya shi kaɗai.

Ta farko ta faɗi tsakaninsa da kwando, ta gangara. Ta biyu ma haka. Masu ƙahon suka yi shiru. A ta uku wata mata a bayana ta fara kuka, na juya na ce mata ba makoki aka zo ba. Bayan ta huɗu ya sunkuya ya dafa gwiwoyinsa, ana jin numfashinsa daga inda nake. Magajin gari ya matso ya raɗa mini ko za a bari ya matsa gaba kaɗan. Na ce a tambaye shi. Aka tambaye shi, ya ce magajin gari ya koma kujerarsa.

A ta ƙarshe ya canza. Ya riƙe ƙwallon da hannu biyu ya sauke ta tsakanin ƙafafunsa, irin jifan da muke yi muna yara a bayan gida, ya watsa ta sama da duk abin da ya rage a jikinsa. Jikin ya bi ta, ya yi taga-taga. Ta tashi, ta daɗe a sama. Ko ƙarfen ba ta taɓa ba, raga kawai ta yi motsi.

Zauren ya fashe. Toñín ya rungume shi yana kuka, Nereida ta toshe baki, magajin gari ya riga ya kai hannu kan koriyar tutar.

Na ce, "Ƙafa."

Ba a ji ba. Na shiga tsakiyar fili na karɓi abin maganar Wilfredo na sake cewa, "Ƙafa. Ya taka layi kafin ta bar hannunsa."

Ya taka. Ban ƙirƙira ba. Ƙafarsa ta hagu ta zame ta hau layin, rabin takalmin a ciki, kuma har lokacin tana wurin don bai iya janye ta ba. Kowa ya gani. Alƙalin wasa ya gani, ya maida idonsa kan rufi. Gari guda ya yanke shawarar makancewa a lokaci ɗaya ba tare da an yi taro ba, ni kaɗai ba a shawarta ba.

Alƙalin ya ce shi bai lura ba. Toñín ya ce, "Don Eladio, ka ji tsoron Allah." Na ce ai shi ya sa ba zan yi ƙarya ba.

Fermín ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafarsa. Ya ɗago ya dube ni. Ya ce a ba shi abin maganar.

"Yayana bai yi ƙarya ba. Na taka."

Ya zauna a keken. Aka ja igiya, baƙa da ja ta hau. Kuramena biyu suka tafa, sai suka lura su kaɗai ne, suka daina. Fermín ya ɗaga kai ya bi ta da kallo har ta kai ƙugiya, bai kau da ido ba. Nereida ta je tebur ta ɗauki koriyar a ninke, ta ɗora masa a cinya ta tura shi waje. Mutane suka bi su. Aladen ma can aka kai.

Mun ci, biyar da uku. Doka doka ce, kuma a gaban kowa aka amince da ita.

Lahadi, 23 ga Maris, da rana

A coci benci guda aka bar mini ni kaɗai. Na miƙe ƙafa.

Talata, 25 ga Maris, da hantsi

Gidan burodi. Toñín ya ce gahawa ta ƙare. Tukunyar na tafasa a bayansa. Na ce to ba ni burodi, ya ce duk na mutane ne. Masu wasan domino suka kife 'ya'yan wasansu har na fita, ina fita na ji an ci gaba.

Da a ce ni na taka, da wa zai makance domina? Wannan nake so wani ya amsa mini. Ba mai yi mini magana balle ya amsa.

Na biya ta zaure. Tutar ta yi kyau, sai dai an ɗan karkatar da ita hagu. Na gaya wa mai gadi.

Alhamis, 27 ga Maris, da yamma

Yadira ta kira. Ta ce Baffanta ya daina cin abinci, fada, wato limamin coci, ya je ya shafa masa man addu'ar ƙarshe. Ta ce ya tambaya ko na zo. Na ce da wace murya ya tambaya? Ta kashe wayar.

Na sa takalmi. Na zauna da shi a ƙafa har rana ta faɗi. Ban je ba.

Asabar, 29 ga Maris, da safe

Ya taka layin. Na sake dubawa a hoton da jarida ta buga, ana gani sarai.

Litinin, 31 ga Maris, da hantsi

An buga ƙararrawar coci, irin bugun nan mai tsayawa tsakani da ake yi in an yi mutuwa. Yadira ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba. Na ce na ji. Ta ce jana'izar jibi ce, a zaure, kuma dole in zo saboda jifan.

Na dafa ƙwai. Ya ƙone.

Laraba, 2 ga Afrilu, da yamma

A garin nan ɗan wasan da ya ci kofi ba a kai shi maƙabarta daga coci. Sai an biya da shi fili, a ajiye akwatinsa a daidai inda ya saba tsayawa, namiji mafi kusa da shi ya tsaya a gefen akwatin ya yi masa jifan ban kwana. Ba a ɗaga gawa sai ƙwallon ta shiga. Na yi wa mutane da yawa rakiya haka. Yawanci ɗan mamaci ne, ya jefa sau biyu ko uku, a tafa, a tafi. Fermín 'ya'ya mata ya bari, jikokinsa ƙanana ne. Ni ne.

Sun shigo da shi an lulluɓe akwatin da koriyar tuta. Masu ɗauka suka sauke shi a kusurwar dama, wajen layin nesa. Nereida ta zagaya ta duba ƙasa, ta ce a ja shi baya kaɗan, kada ya taka. Aka ja. Ta juyo ta miƙo mini kankanar da hannu biyu, cikin ladabi.

"Bismillah, Yaya Eladio."

Ban taɓa jifa daga wurin nan ba. Ko a wasa, ko a atisaye, ko da wasa. Na tsaya na dubi kwandon, ya yi mini ƙanƙanta kamar bakin kofi. Zauren ya fi ranar Asabar cika, kuma ba tari ko ɗaya.

Ta farko ta faɗi nesa da allo. Ta gangara ƙarƙashin benci. A al'ada abokan wasan mamaci ke tsayawa ƙarƙashin kwando suna maido da ƙwallo. Toñín yana can tsaye, ya harɗe hannuwa a kan tumbinsa. Na jira. Na taka da kaina, na durƙusa da wannan gwiwa, na zaro ta, na dawo gefen akwatin. Takalmina kaɗai ake ji.

Na sake. Na je na ɗauko. Na sake. Ban ƙirga ba. Na cire kwat ɗina na ajiye a ƙasa, don ba wanda ya miƙo hannu. Gumi ya shiga idona. Wata ta taɓa gefen ƙarfen, na ji wani ya ja numfashi, ta fita. Bayan wannan kafaɗata ta fara mutuwa, kowace jifa tana faɗuwa kusa da ni fiye da ta baya. Na gwada ta tsakanin ƙafafu, yadda ya yi. Ta tashi sama ta wuce gefe, ta kusa dukan fada.

Ban san lokacin da na matsa ba. Ƙafata dai ta yi gaba, taki ɗaya, in samu in kai.

"Ƙafa, Don Eladio," in ji Toñín. Bai ɗaga murya ba.

Na koma baya. Na dubi Yadira, tana kallon ƙasa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ba ita ta fi ci mini rai ba. Abin da ya fi shi ne ina tsaye dab da shi, gwiwata na taɓa katakon, ina so in ce masa ya gaya mini yadda ake yi. Shi kaɗai ya sani a gidanmu.

Na ɗaga ƙwallon, hannun ya ƙi wuce kunnena. Na sauke. Na sake ɗagawa.

Fada ya duba agogo, ya matsa ya raɗa wa Nereida wani abu, ina jin cewa ya yi a ba wani ya jefa. Ta girgiza kai. Ta tako ta tsaya a gefen akwatin, ta gyara gefen tutar da na ture da gwiwa. Ba ta kalle ni ba.

"Ku ɗauke shi," ta ce. "Tasa ta riga ta shiga."

Ba a taɓa yin haka a San Anselmo ba, amma ba wanda ya hana. Suka sunkuya suka ɗaga shi, suka bi ta gabana, jama'a suka bi su layi-layi har zauren ya zama ba kowa. Ba ta karɓi ƙwallon ba. Na tsaya da ita a hannu har mai gadi ya zo ya ce zai rufe.

Juma'a, 4 ga Afrilu, da safe

Hannun dama ba ya ɗaguwa, da hagu nake rubutu. Mai gadi ya aiko a gaya mini ya gyara tutar, yanzu ta miƙe.